Wayar Lasifikar Masallacinmu: Mako Guda Kafin Azumi

Lahadi, 23 ga Fabrairu 2025

Bayan isha'i muka zauna a kan tabarma a harabar masallaci, mu bakwai 'yan kwamiti. Saura 'yan kwanaki a fara duban wata, kuma lasifikarmu tana nan yadda muka bar ta bara: a cikin masallaci ƙugi take yi kamar an saki ƙudan zuma, a waje kuwa muryar Malam ba ta wuce gida huɗu ko biyar. Ni ne ma'aji. Na karanta abin da ke hannu, kuɗin da aka tara tun kaka, lokacin da mutane suka sayar da masara da waken soya. Akwai wanda ya kawo tiya biyu ta dawa ya ce a sayar a zuba. Na san fuskar kowace naira da ke cikin littafin nan.

Alhaji ya ciro wayarsa ya nuna mana hoton da ɗansa ya turo daga Abuja. Wayar sauti ce 'yar waje, baƙa, an saƙa mata riga kamar igiyar doki, bakinta ruwan zinare. Ya ce ɗan nasa ya tabbatar masa irinta manyan wurare ke amfani da ita, kuma shi zai cika abin da kuɗin kwamiti bai kai ba. Alhaji mutum ne mai hannun kyauta, shi ya saka mana fankoki, ba wanda zai so ya kwance masa zani a kasuwa. Kowa ya yi shiru yana kallona, don sun san kimiyya nake koyarwa a sakandare.

Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Ku ba ni kwana uku in duba ciwon tukuna, kafin mu sayi magani."

Abin da ban faɗa a zaman ba shi ne Goggo. Gidanta yana can gabas, bayan rijiya. Shekara uku ke nan ƙafa ta hana ta fita. Bara lokacin tafsiri na same ta da la'asar ta jawo tabarma har bakin zaure, ta karkata kunne wajen masallaci, ta ce mini, "Ɗan nan, ina jin dai ana magana, amma ban san me ake cewa ba." Wannan maganar ba ta bar ni ba har yau.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Da hantsi na ɗauko mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, wanda kowa ke kira Injiniya. Muka aro tsani. Lasifika biyu ne a kan dogon ƙarfen da ke fuskantar gabas, muka auna tazararsu da amfilifaya da igiya, ta kai mita 60.

Abu na farko da ya samu ba ya da alaƙa da waya. Zanzaro ya yi gini a maƙogwaron lasifika ɗaya, laka ta toshe kusan rabin ramin. Ya sa tsinke ya ƙwaƙule, ƙasa ta zubo mini a hula.

Sannan ya yanko ɗan guntun wayar, ya feɗe robar. Siririya ce, silin da ke ciki ba su fi gashin wutsiyar doki kauri ba, launinsu ja kamar na jan ƙarfe. Ya ciro reza ya kankare sili ɗaya a kan babban yatsansa, ya miƙo mini. Jan ya tafi, abin da ya rage fari fat. Ya kunna ashana ya kara: silin ya lanƙwashe ya zube nan take. Ya ce, "Malam, sanholo ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Da jan ƙarfen gaske ne, da sai ya yi ja ya tsaya." A wurare uku kuma an yi ƙari, an murɗa da hannu an naɗe da salatif, ruwan damina ya shiga, wurin ya zama farin gari.

Na tuna ranar da aka sayo ta. Murna muka yi da arha.

Muka haɗe bakin wayar a can sama, muka sa mita a ƙasa. Ta nuna kusan om 7. Na zauna a inuwar darbejiya na yi lissafi a bayan littafin kwamiti. Wuta zuwa take yi ta dawo, saboda haka mita 60 ta zama 120. Sanholo kuwa kashi 61 cikin ɗari kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka. Lasifikan nan biyu kowace om 16 ce, a haɗe sun zama 8. Wato wayar da kanta ta kusa zama lasifika ta uku, wadda ba ta magana sai ci. Kusan rabin ƙarfin da amfilifaya ke turawa a hanya yake ƙarewa, ya zama ɗumi a jikin katanga. Shekara biyu muna zargin amfilifaya, har an taɓa kai shi gyara Funtua, ashe lafiyarsa ƙalau.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na shiga Malumfashi bayan an tashi makaranta. Shago uku na zaga da reza a aljihu. A biyu an yarda na kankare, duk farare ne a ciki. A na ukun mai shagon ya yi mini gaskiya, ya ce ta gasken ta ƙare, kuma ba ya yawan sarowa don mutane suna jin kuɗin suke juyawa. Ban ga laifinsa ba. Mu ne muke tambayar "wacce ta fi sauƙi" kafin mu tambayi me ke cikinta.

Da dare na buɗe hoton da Alhaji ya tura mini, na ƙara girmansa na karanta rubutun kwalin. Tsawonta mita 3 ne. Mu da muke neman 60. An rubuta cewa jan ƙarfenta an cire masa iskar oksijin. Gaskiya ne akwai irin wannan, amma jan ƙarfen wayar wuta ta yau da kullum ma tsarkinsa kashi 99.9 ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu wajen ɗaukar wuta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Babu kunnen da Allah ya halitta da zai ji wannan, balle ta bakin lasifikar ƙarfe da ke kan sanda cikin iska da kukan babura. Zinaren bakin kuwa shafe ne siriri, amfaninsa hana tsatsa. Amfani ne na gaske, sai dai ba ya ƙara wa murya komai.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Yau ba ta masallaci na yi ba, amma maganar ɗaya ce. Ɗan yayata yana da gidan kallon ƙwallo a bakin titi, rumfar kwano da benci-benci da talabijin biyu. Ya ji ina binciken waya, ya aiko a kira ni. Ya nuna mini wayar HDMI da ya saya, mai kauri, mai bakin zinare, kuɗinta ya ninka na ƙaramar da ta zo da dikoda sau bakwai. Ya ce, "Kawu, tunda na saka ta ciyawar filin ta ƙara kore." Ya yi imani da abin da yake faɗa, yaran da ke wurin ma suka mara masa baya.

Na ce mu gwada. Akwai sauran lokaci kafin wasan dare. Na sa shi da abokansa uku suka fita waje, Injiniya ya shige bayan talabijin da wayoyin biyu, ya rufe wurin da buhu. Kowane zagaye sai ya jefa kwabo ya zaɓi wadda zai saka, su shigo su kalla, kowa ya raɗa mini amsarsa. Sau goma muka yi. Wani zagayen su rabu biyu, wani zagayen su haɗu a kan kuskure. Shi mai wayar, sau huɗu ya nuna 'yar ƙaramar ya rantse ita ce mai tsadar. Da na karanta musu sakamakon, sai ya zauna a benci ya riƙe haɓa. Na ji tausayinsa, don na san kwana nawa yake tara kuɗin nan daga naira ɗari-ɗari na 'yan kallo.

Na yi masa bayani yadda nake yi wa 'yan aji. Tsohuwar wayar bidiyo mai baki uku, rawaya da fari da ja, hoton kansa take ɗauka, shi ya sa idan ta lalace sai ka ga dishi-dishi ko inuwa. HDMI, wadda ta fito a ƙarshen 2002, lambobi take ɗauka, sifili da ɗaya. Talabijin ne ke mayar da su hoto. Idan lambar ta iso, ta iso, ko a kan jaki ta zo ko a jirgi. Waya ba ta san wace lamba ce ciyawa ba balle ta ƙara mata kore. Idan ta gaza kuwa ba ɓoyewa take yi ba: za ka ga ɗige-ɗigen haske suna ƙyalli, ko hoton ya ɗauke ya dawo. Inda ake fara neman ta musamman shi ne idan tazara ta yi nisa, ta haura mita goma, ko idan hoton mai nauyi ne irin na 4K. Shi kuwa tsakanin dikodarsa da talabijin taku biyu ne.

Sai ya ce to me ya sa hoto ke kakkaryewa, musamman da damina? Muka zagaya baya. Wayar da ta sauko daga dish, wadda ba wanda ya taɓa kulawa da ita, ita ce mai ciwon. An ɗaure bakinta da leda. Injiniya ya kwance, saƙar da ke kewaye da ita ta yi baƙi tana marmashewa a hannu, kuma tun asali saƙar 'yar kaɗan ce, ana hango farin ciki ta tsakaninta. Ya ɗora maganaɗisu a kan ƙarfen tsakiya, ya manne. Na ɗauka wannan ma ha'inci ne, ya ce a'a, yawancin wayar dish haka ake yin ta, baƙin ƙarfe a ciki jan ƙarfe a sama, domin saƙon tauraro a fatar waya yake gudu. Ya ce sai in ta yi tsawo ƙwarai take wahalar da wutar da dikoda ke aika wa kan dish ɗin, bolt 13 ko 18. Wannan ban sani ba sai yau. Shekara ashirin ina koyarwa, shi kuma shekara ashirin yana hawa rufin mutane.

Da kuɗin wayar zinaren nan da ya sayi sabuwar wayar dish mai cikakkiyar saƙa, da bakuna masu hana ruwa, har da canji.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Asubanci muka yi ni da Injiniya, muka bi ta Dayi da Gwarzo muka shiga Kano. Hazo ya ragu, zafi ya fara leƙowa. A hanya muna ta wuce motocin tumatir na 'yan noman rani.

A mota na ba shi labarin da na taɓa karantawa. A Amurka wannan ciniki tsoho ne. Wani mai suna Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a 1979, kuma daga nan sayar da wayar sauti mai tsada ya zama sana'a mai zaman kanta. A 2007 wani kamfani mai suna Pear ya fito da wayar lasifika ta dala 7,250. James Randi, wanda ya yi suna wajen ƙure masu da'awar abin mamaki, ya ce ga dala miliyan ɗaya ga wanda zai iya bambance ta da ta kasuwa da kunne kawai, ba tare da ya ga wadda aka saka ba. An yi ta ja-in-ja a kan sharuɗɗa, ba wanda ya karɓi kuɗin. Injiniya ya girgiza kai ya ce, "Su can kuɗi ne ya yi musu yawa. Mu nan rashinsa ke sa a cuce mu." Na yi ta juya maganar har muka shiga gari. Mai sayar da sanholo da sunan jan ƙarfe da mai sayar da jan ƙarfe da kuɗin zinare, dukkansu da abu ɗaya suke cin abinci: mai saye ba ya ganin abin da ke cikin roba.

A Sabon Gari muka sha yawo. Ana yin waya mai kyau a ƙasar nan, Cutix a Nnewi, Coleman a jihar Ogun, Nigerchin a Legas. Amma suna a jikin roba ba hujja ba ne, mai jabu ma ya iya buga rubutu. Saboda haka duk inda muka tsaya sai Injiniya ya ɗaga naɗin ya ji nauyinsa, don jan ƙarfe ya ninka sanholo nauyi fiye da sau uku, hannu ma yana gane shi. Sannan reza. Wani yaron shago ya ɓata rai, ya ce muna ɓata masa kaya. Wani dattijo kuwa da kansa ya yanko ya miƙo mana, ya ce, "Ku kankare har ku gaji." A wurinsa muka saya: naɗi ɗaya na mita 100, mai harshe biyu, lamba 2.5. Kuɗinta ya ninka na irin tsohuwar tamu kusan sau uku, kuma ban yi jayayya ba, don na ga abin da nake biya. A lissafina mita 120 ɗin nan ba za ta kai om ɗaya ba.

Muka ƙara da bututun roba da za a zura ta ciki saboda rana da ɓera, da dalma, da wayar makirufo mita 10 mai baki uku. A nan ma na zaɓi mai ɗan tsada, wadda saƙarta ta rufe ruf, bakinta na ƙarfe. Gobe zan ga ko na yi daidai.

Injiniya ya nuna mini wasu lasifikan masu ƙaramar taransifoma a bayansu. Ya ce amfilifayanmu yana da mahaɗin bolt 100, da irin waɗannan muke da su, da siririyar waya ma ta isa ko da tazarar ta fi haka, don idan bolt ya hau wutar da ke bin waya raguwa take yi, asarar ma ta ragu. Kuɗinmu bai kai nan ba bana. Na rubuta a littafi saboda baɗi.

Da muka dawo na wuce gidan Alhaji kai tsaye, ban ko yi wanka ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye masa guntun tsohuwar wayar da na kankare da guntun sabuwar. Ya sa tabarau ya juya su a tafin hannu. Na ce, "Alhaji, wadda yaron ya turo ba jabu ba ce, mai kyau ce. Amma ba ta kai tsawon da muke so ba, kuma abin da ya sa ta tsada ba zai kai ƙofar gidan kowa ba. Abin da ke yanke mana tafsiri idan wuta ta ɗauke, rashin batir ne." Ya yi shiru har na fara jin nauyi. Can ya ce, "Nawa ne batirin?"

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Tun da sassafe muka fara don mu gama kafin a taru. Matasa huɗu suka taya mu zura waya a bututu. Ba ƙari ko ɗaya daga amfilifaya har sama, kuma bakunan da dalma aka liƙe su. Mita ta nuna ƙasa da om ɗaya, yadda lissafi ya ce.

Baba Ladan ya gwada. Muryar ta fita, yaran da muka tura bayan rijiya suka dawo da gudu suka ce ana ji. Sai dai gaskiya ita ce ba ninki biyu ta yi a kunne ba. Kunne ba ya auna ƙarfi yadda mita ke aunawa. Ka ninka wuta, shi ɗan ƙari yake ji. Abin da ya fi canjawa shi ne kalmomi sun fito, an daina jin karkarwar nan da ruɓaɓɓun ƙulli ke jawowa. Wani kaso na ladan kuma na tsinken da ya fasa gidan zanzaro ne.

Amma ƙugin yana nan, kuma yanzu da hanya ta buɗe har ya fi na da. Gabana ya faɗi, don ga mutane sun fara shigowa da dardumarsu. Injiniya ko a jikinsa. Ya zare tsohuwar wayar makirufo mai baki ɗaya, wadda aka ja ta gefen wayar fanka tsawon bango, ya saka sabuwar mai baki uku. Ƙugin ya ɗauke ɗif, har na ɗauka wuta ce ta tafi. Baba Ladan ya ƙwanƙwasa makirufo da yatsa, ta amsa.

Dalilin yana da daɗin sani. Abin da makirufo ke fitarwa ɗan mitsitsi ne, amfilifaya ke ninka shi sau ɗaruruwa, tare da duk wata hayaniyar da ya kwaso a hanya, musamman ta wutar gida mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Mai baki ukun tana ɗaukar murya ta sili biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a kife. Hayaniya tana shiga dukkansu daidai wa daida. A amfilifaya sai a juyo da kifaffen a haɗa su: murya ta ƙaru, hayaniyar ta cinye kanta. Dabara ce ta gini, ba ta zinare ba, kuma abin da na ƙara a kanta bai kai kuɗin motar mutum ɗaya zuwa Kano ba.

Malam ya yi huɗuba ba tare da ya tsaya yana bubbuga makirufo ba. Bayan isha'i aka ji sanarwar Sarkin Musulmi a rediyo cewa an ga wata. Gobe ɗaya ga Ramadan.

Asabar, 1 ga Maris

Batirin Alhaji ya iso da azahar a bayan babur, Injiniya ya haɗa shi. Na shigar da komai a littafi, na liƙa rasit-rasit, na kuma manna guntayen wayoyin nan biyu da salatif a shafin ƙarshe, domin wanda zai gaje ni ya gani da idonsa. Abin da ya rage a asusu zai isa dabino da ruwan buɗa-baki na kwana goma. Ɗan yayata ya aiko a tambaye ni lambar dattijon Sabon Gari.

Da aka yi la'asar ban zauna a masallaci ba. Na ce wa Malam, "Allah gafarta Malam, yau daga nesa zan saurara." Na bi ta bayan rijiya na yi sallama a gidan Goggo. Na tarar jikarta tana ƙoƙarin jawo mata tabarma zuwa zaure kamar bara. Na ce a bari tukuna. Muka zauna a tsakar gida, kusa da turmi, inda ake tankaɗen garin kunu.

Alaramma ya ja baƙi, Malam ya fara fassara. Goggo ta ɗaga hannu ta tsayar da mai tankaɗe. Ta saurara na ɗan lokaci, leɓenta yana motsi. Malam ya kawo wata mas'ala a kan wanda tsufa ya hana shi azumi, da yadda zai ciyar. Ta juyo ta dube ni.

"Mudu nawa ya ce?"

Kafin in buɗe baki Malam ya maimaita, ta ce, "Yi shiru, na ji da kaina."